Tambaya da Amsa: Akwatin da Ƙanƙara ta Amayo a Dutsen Mont Blanc

Wasiƙu uku na ware a wannan makon. Masu su ba su san juna ba, amma tambayoyinsu a gindin dutse guda suka haɗu. Ta farko ce za ta fi cin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ƙirar azurfa nake yi a Kano. An turo mini labari a waya, wai wani Bature mai hawan duwatsu ya tsinci akwati cike da duwatsu masu daraja a cikin ƙanƙara, wai daga wani jirgin saman Indiya da ya faɗi tun ba a haifi mahaifina ba. 'Yan rumfarmu sun ce tatsuniya ce, ƙarfe ma tsatsa ke cinye shi balle ɗan akwati. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wa ya ci dukiyar?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka koma ka gaya wa 'yan rumfarku cewa abin ya faru. A shekarar 2013 wani matashi Bafaranshe mai hawan duwatsu ya ci karo da ɗan akwatin ƙarfe a kan ƙanƙarar da ake kira Bossons, a jikin dutsen Mont Blanc. Da ya buɗe sai ga ƙananan jakunkuna, wasu da tambarin da ke nuna daga Indiya suka fito, maƙare da zumurrudu da jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu. Babu idon kowa a kansa. Ya sauko da akwatin ya miƙa wa jandarmomi.

Kafin mu zo kan wanda ya ci, bari in hau da kai can sama, domin in ba ka san yadda akwatin ya je can ba, za ka ɗauka labarin dukiya ne kurum.

Mont Blanc da Faransanci yana nufin Farin Dutse. Yana kan iyakar Faransa da Italiya, tsawonsa wajen mita 4,808. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419. Ka ɗauko irinsa ka ɗora a kansa, to ka kai tsayin Farin Dutse. Rani da damina kansa ba ya rabuwa da ƙanƙara. Filin jirgin saman Janeba da ke ƙasar Suwizalan kuwa bai kai kilomita 100 daga gare shi ba. Jirgin da ya taso daga gabas ta wajen Italiya dole ya ƙetare katangar tsaunukan Alps kafin ya gangara Janeba. Matuƙi yana son ya fara sauka da wuri don kada ya zarce filin, dutsen kuma yana tsaye a bakin ƙofa.

Jirage biyu na kamfanin Air India suka faɗi a nan, kusan a wuri ɗaya, shekara goma sha biyar da 'yan watanni tsakani.

Na farko ranar 3 ga Nuwamba 1950. Jirgi ne mai farfela huɗu da jela mai kai uku, ƙirar Lockheed Constellation, an raɗa masa suna Malabar Princess. Daga Bombai ya taso zai tafi Landan, zai yada zango a Janeba. Mutum 48 ne a ciki: ma'aikatan jirgin 8, fasinjoji 40. Fasinjojin nan ma'aikatan jirgin ruwa ne, 'yan ƙwadago, za su Ingila su kama aiki a jirgin da ke jiran su. Safiyar ranar akwai iska mai ƙarfi, gajimare ya lulluɓe dutsen. Jirgin ya fara yin ƙasa-ƙasa, ya daki wata tsauniya da ake kira Rochers de la Tournette a wajen mita 4,677. Sai bayan kwana biyu da sama ta washe wani jirgi ya hango tarkacen.

Mutanen garin Chamonix da ke gindin dutsen suka haɗa ayarin ceto, ko da akwai mai sauran numfashi. Jagoransu René Payot, gwani ne da ya san dutsen kamar tafin hannunsa. A kan hanya ya taka bakin wani rami mai zurfi da dusar ƙanƙara ta rufe, ya rufta, ya rasu. Wannan mutumin yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na tuna shi. Ya bar gidansa cikin tsananin sanyi saboda baƙin da bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki wani ayarin daga garin Saint-Gervais ya isa wurin, ya tarar babu mai rai.

Na biyu ranar 24 ga Janairu 1966, jirgi ƙirar Boeing 707 mai suna Kanchenjunga, da mutum 117. Shi ma daga Bombai zuwa Landan, ya tsaya a Dalhi da Bairut, yana shirin sauka Janeba. Babu wanda ya tsira. Yadda abin ya auku zan kawo shi a amsar tambaya ta biyu. Akwatin da kake tambaya, an fi karkata ga cewa daga wannan jirgin ya fito.

Masu ƙananan shekaru za su ce yaya aka yi manyanmu ba su taɓa ba mu wannan labari ba. Ku dubi kwanan watan. Kwana tara ke nan da kashe Sardauna da ɗauke Tafawa Ɓalewa, cikin watan azumi. Ina ɗan shekara tara a lokacin. Na tuna mahaifina zaune a zaure da rediyo a kan buzu, maƙwabta sun kewaye shi, babu mai cewa uffan. A kwanakin ƙaramar sallar nan da ta zo mana babu armashi jirgin ya faɗi. Ko rediyon ya faɗa, kunnuwanmu suna wani wuri.

To yaya akwati zai yi shekara 47 bai lalace ba? Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce ta firji da wadda ke zubowa da ruwan farkon damina, shi ya sa abin ke mana wuyar ganewa. A kan irin wannan dutse dusar ƙanƙara na zuba shekara bayan shekara ba ta narkewa. Ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama daskararren abu mai kaurin gaske, nauyinta kuma ya riƙa jan ta gangare a hankali, kamar yadda kunu mai kauri ke malala in ka karkata ƙwarya. Kogi ne sosai, sai dai na ƙanƙara, idonka ba zai ga tafiyarsa ba amma yana tafiya. Duk abin da ya faɗa a samansa sai sabuwar dusa ta binne shi, kogin ya tafi da shi a cikinsa tsawon kilomitoci, sai ya isa can ƙasa inda akwai ɗumi, ƙanƙarar ta narke, abin ya fito fili. A cikin wannan sanyi kuwa ruɓa ba ta samun wurin zama. Yanzu da duniya ke ƙara zafi, narkewar ta ƙaru, abubuwan da ke fitowa ma sun ƙaru.

Injuna sun fito, da wayoyi, da guntayen kujeru. A 2012 aka tsinci jakar wasiƙun diflomasiyya mai tambarin ma'aikatar harkokin wajen Indiya, aka miƙa ta ga ofishin jakadancin ƙasar a Paris. A 2020 wani mai gidan abinci a gefen ƙanƙarar ya tsinci jaridun Indiya na Janairun 1966, ya shanya su suka bushe, ana karanta su sarai. Babban labarin da ke shafin farko shi ne zaɓen Indira Gandhi, mace ta farko da za ta zama firaministar Indiya. A ranar da jirgin ya faɗi aka rantsar da ita. Kuma a 2017 abin da ƙanƙarar ta amayo hannun mutum ne da wani sashe na ƙafa.

Na taɓa ganin dutsen da idona sau ɗaya, ta tagar jirgi. Da dare muka tashi daga Kano, gari ya waye mana a kan Alps. Ƙasa duk gajimare ne shimfiɗe kamar audugar da aka baza a tsakar gida, tsaunuka sun huda shi sun leƙo, rana ta shafa musu ja. Ɗaya ya fi sauran girma da faɗi, wanda ke kusa da ni ya nuna mini shi ya faɗi sunansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda farin dutsen da farin gajimaren suka narke cikin juna, na kasa gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Muna can sama da shi nesa, cikin kwanciyar hankali, ana raba shayi. Na yi ta tunanin matuƙin da ke tsakiyar farin nan.

Yanzu ga dukiyar. Hukuma ta ajiye duwatsun, aka nemi magada, babu wanda ya zo da hujjar da ta tabbata. Sai a ƙarshen 2021, bayan shekara takwas, aka kasa su gida biyu bisa dokar Faransa: rabi ga matashin, rabi ga hukumar garin Chamonix. An ƙiyasta kowane kaso a wajen Yuro 150,000. Kason garin an baje shi a gidan adana duwatsu na Chamonix don jama'a su gani.

Kai da ka yi karatun zaure za ka ga abin bai yi nisa da hukuncin tsintuwa a fiƙihunmu na Malikiyya ba: ka yi cigiya shekara guda a inda ake sa ran mai abu zai ji, in bai zo ba ka ci gaba da ajiya ko ka yi sadaka da shi, da sharaɗin in ya bayyana daga baya za ka biya shi. Matashin nan ya yi abin da ya dace, kuma ina yaba masa da zuciya ɗaya. Ina dai roƙonka, in za ka ba 'yan rumfarku labarin, ka sa da mutum 40 ɗin nan na jirgin farko. Irin mutanenmu ne da ke barin gida su tafi ci-rani, iyalai suna jiran aike. Yawancinsu har yau suna cikin ƙanƙarar, babu kabarin da 'ya'yansu za su tsaya a kai. Sai a 2019 aka kafa dutsen tunawa da mutanen jiragen biyu a wani wuri da ake kira Nid d'Aigle a jikin dutsen.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin kimiyya ne a Yamai. Wani abokina ɗan Indiya ya rantse mini cewa hukumar leƙen asirin Amurka ce ta tarwatsa jirgin 1966 don ta kashe babban masanin nukiliyarsu. Mene ne gaskiyar magana?

AMSA: Barka kadai ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mutumin da abokinka ke nufi shi ne Homi Jehangir Bhabha, kuma lallai yana cikin jirgin. An haife shi a Bombai a 1909. Shi ya kafa cibiyar binciken kimiyya ta Tata a 1945, shi ne shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Indiya tun kafuwarta a 1948. Yana kan hanyarsa ta zuwa Biyena ne don taron hukumar nukiliya ta duniya. Ya rasu yana da shekara 56.

Ban ga laifin abokinka ba da zargin ya shige shi, don lokacin yana da ɗaure kai. Sin ta gwada bam ɗinta na nukiliya a Oktoban 1964. Bhabha ya fito fili ya ce in aka ba shi dama Indiya za ta ƙera nata cikin wata 18. Indiya da Pakistan sun gwabza yaƙi a 1965. Firaministan Indiya Shastri ya rasu kwatsam a Tashkent ranar 11 ga Janairu 1966, bayan kwana 13 Bhabha ya bi shi. Daga baya wani marubuci ya wallafa cewa wani tsohon jami'in CIA, wato hukumar leƙen asirin Amurkar, ya shaida masa su suka yi. Wasu kuma suna cewa karo jirgin ya yi da jirgin yaƙin Italiya. Da yake ƙanƙara ta haɗiye mafi yawan tarkacen, ba a tattara su wuri guda an harhaɗa kamar yadda ake yi in jirgi ya faɗi a fili ba, jita-jita ta sami wurin miƙe ƙafa.

Ni dai ban gamsu ba. Maganar marubucin nan, an ce ne daga bakin mutumin da ya riga ya mutu, babu takarda, babu shaida ta biyu. A ɗaya hannun kuwa akwai abin da masu binciken Faransa suka samu, kuma yana da tushe, domin akwai zancen da ya gudana tsakanin matuƙin da mai kula da zirga-zirgar jirage a Janeba.

Ga yadda yake. A zamanin babu na'urar tauraron ɗan'adam da ke nuna wa matuƙi inda yake. Tashoshin rediyo ne a ƙasa suke aika sigina, jirgi yana da na'urori biyu masu kama ta, matuƙi ya haɗa layin wannan tasha da na waccan, inda suka gitta nan yake. Tun daga Bairut ɗaya daga cikin na'urorin biyu ba ta aiki, kuma matuƙin, Kyaftin D'Souza, ya sani. Da suka iso kan tsaunukan yana tafiya a ƙafa 19,000, wato wajen mita 5,800, sama da dutsen da tazara mai kyau. Umurnin da aka ba shi shi ne ya fara sauka bayan ya wuce Mont Blanc. Ya yi lissafinsa, ya ce ya zo daidai da dutsen. Mai kula da zirga-zirga yana kallon sa a allon rada, ya ga ba haka ba ne, ya ce masa saura mil 5 tsakaninka da Mont Blanc. Matuƙin ya amsa cewa ya ji.

Ya ji, amma abin da ya fahimta daban. Masu binciken sun ce kalmomin da aka yi gyaran da su ba su fito ɓaro-ɓaro ba, matuƙin ya ɗauka ya riga ya wuce ƙashin bayan dutsen, ya ci gaba da gangarowa. Da misalin ƙarfe 8 na safe ya daki dutsen a wajen mita 4,750. Ka cire wannan daga 4,808 ka ga abin da ya rage: bai kai mita 60 ba.

Kai ɗalibin kimiyya ne, ka auna da kanka. Ga bayani mai na'urar da aka san ta lalace, da kalmomin da aka naɗa, da wurin da wani jirgin ya riga ya faɗi a 1950 ba tare da wani masani a cikinsa ba. Ga kuma wanda ke rataye a kan an ce. Na san zuciya ba ta son yarda cewa babban mutum irin Bhabha da wasu 116 sun tafi saboda jimla guda da aka yi wa gurguwar fahimta, ta fi son a ce maƙiyi ne mai ƙarfi ya yi. Amma ni wannan ƙaramin dalilin ya fi tayar mini da hankali. Kuma in ma da wanda ya so tsayar da shirin Indiya, bai tsaya ba: an sa wa cibiyar binciken nukiliya ta Trombay sunan Bhabha a 1967, Indiya ta yi gwajin nukiliyarta na farko a Pokhran a Mayun 1974.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. 'Yata ta sami gurbin karatu a Italiya, za ta tafi wata mai zuwa. Tun da ƙanenta ya nuna mini hotunan jiragen nan da suka daki dutse na kasa barci. Har yanzu hakan na faruwa? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ta lafiya ya dawo miki da ita lafiya. Nima na raka 'ya filin jirgi, na san abin da ke cin ki.

Irin haɗarin nan, inda jirgi lafiyayye da matuƙi a farke zai shiga dutse saboda bai san yana gabansa ba, yana cikin waɗanda aka fi yi wa magani a harkar jiragen sama. Wani injiniya haifaffen Kanada mai suna Don Bateman ya jagoranci ƙera na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa, ta yi wa matuƙi kuwwa in ya kusanto ta ba bisa ƙa'ida ba. Amurka ta wajabta ta a manyan jiragen fasinja a tsakiyar shekarun 1970, sauran ƙasashe suka bi. Ta farkon tana da naƙasu, don ƙasan jirgin kawai take dubawa, in dutse ya miƙe tsaye kamar bango sai gargaɗin ya zo a makare. Bayan wani jirgin Amurka ya daki dutse kusa da birnin Cali na Kolombiya a Disambar 1995, aka fito da sabuwa. Ita wannan tana ɗauke da taswirar tsaunukan duniya a cikinta, tana sanin inda jirgin yake ta tauraron ɗan'adam, tana zana wa matuƙi dutsen da ke gabansa da launin ja a allo tun da sauran tazara, ko da dare ne ko cikin gajimare. In bai kula ba ta ɗaga murya ta ce masa ya ja jirgin sama.

Maganar rediyo ma an gyara ta. Akwai kalmomin da aka ƙayyade, kuma in aka ba matuƙi umurnin tsayin da zai bi, dole ya maimaita shi da bakinsa don mai ba da umurnin ya tabbatar abin da ya faɗa shi aka ji. Masu kula da zirga-zirga su ma allonsu yana yi musu ƙara in jirgi ya yi ƙasa fiye da kima.

Ba zan ce miki haɗari ya ƙare a duniya ba, rai a hannun Allah yake. Amma jirgin da 'yarki za ta hau yana ɗauke da wannan na'ura, kuma in kai tsaye jirgin zai tafi Roma ko Milan daga Najeriya, ta kudu za ta shigo, ta kan hamada da Bahar Rum. Ki sa ta karanta addu'ar hawa abin hawa, ki ce ta kira ki da zarar ta sauka, ki kuma saka mata rigar sanyi mai kauri a jakar hannu don kada ta jira sai akwati ya fito.